Labaran iyakar Bagudo da darasin jimlar farko da ɗaliban jarida ke buƙata

Mai karanta labarai a waya ba shi da haƙurin mai riƙe da jaridar takarda. Yatsansa na kan gilashi, yana ja sama. Abin da ke bayyana a gabansa shi ne take da layi biyu ko uku na farko. In sun riƙe shi ya tsaya, in ba su riƙe shi ba ya wuce. Wasu ma daga nan suke tura labarin zaurukan WhatsApp ba tare da sun kai sakin layi na biyu ba. Ke nan a wajen jama'a da dama, jimlar farko ita ce labarin ɗungurungum.

Wannan jimla ita ce mabuɗin labari, kuma babu sashen koyon aikin jarida a jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha da ba ya koyar da ita. Matsalar tana ga yadda aka saba koyarwar: da Turanci, a cikin aji, daga takardar sanarwar da wani ofishi ya fitar. Ɗalibi ya haddace ƙa'ida, ya ci jarrabawa, ya fito ya kama aiki a kafar Hausa, sai ka ga kowane labarinsa ya fara da sunan mai muƙami, kalmar "ya bayyana cewa" na biye. Wanda abin ya shafa kuwa sai can a sakin layi na bakwai, in ma an tuna da shi.

Babu inda wannan rauni ya fi fitowa fili kamar a labaran kan iyaka. Ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, ta isa misali.

Tambayoyi shida da dala a kife

Abin da ake koyarwa a aji ba shirme ba ne. Ana gaya wa ɗalibi cewa labari na amsa tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, don me, kuma ta yaya. Ana nuna masa tsarin da ake kira dala a kife, wato a fara da abin da ya fi nauyi, a riƙa sauka zuwa mafi sauƙi, ta yadda ko edita ya datse ƙarshen labarin saboda ƙarancin fili, ba a rasa gundarinsa ba. Masana tarihin jarida na danganta wannan salo da zamanin wayar tangaraho a Amurka cikin ƙarni na 19, lokacin da kowace kalma kuɗi ce. Ɗan Arewa da ya san dalar gyaɗa a Kano da dalar shinkafa a Kebbi ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane hoton.

Sai dai ƙa'idar ba ta faɗi wace tambaya ce za ta zo farko ba. Wannan hukunci ne na ɗan jarida, kuma shi ne ainihin aikin. Ɗalibin da bai taɓa yin atisaye da komai ba sai takardar sanarwa, kullum "wa" zai zaɓa, domin takardar ma da sunan oga ta fara.

Ga misali daga abin da ya faru. A watan Nuwamban 2019, Hukumar Kwastam ta hana kai man fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyakokin ƙasar nan. Ɗalibin da ya saba da salon sanarwa zai iya buɗe labarin kamar haka:

"Shugaban Hukumar Kwastam ta Ƙasa ya bayar da sabon umarni dangane da jigilar man fetur a yankunan kan iyaka, a wani ɓangare na ƙoƙarin da gwamnati ke yi na daƙile fasa-ƙwauri."

Babu ƙarya a ciki, amma babu labari. Wanda aka koya wa tambayar "wa abin zai taɓa?" zai rubuta wani abu kusa da wannan:

"Hukumar Kwastam ta hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, matakin da ya shafi garuruwa irin su Tsamiya da Lolo da Kamba a jihar Kebbi."

Bambancin ba na ado ba ne. Watan Nuwamba lokaci ne da manoman shinkafa ke shirin noman rani, kuma injinan ban-ruwan da ke fadamun Kebbi fetur suke sha. Ɗan kabu-kabu, mai injin niƙa, mai kwale-kwalen inji, duk rayuwarsu na rataye da jarkar mai. Jimla ta biyu ta gaya musu abin da zai same su gobe. Ta farko ta gaya musu cewa wani babba ya yi magana a Abuja.

Yankin da ake yanke wa hukunci daga nesa

Bagudo na cikin ƙananan hukumomi 21 na jihar Kebbi, a masarautar Gwandu. Kogin Kwara ya ratsa ta. A cikinta akwai tsofaffin garuruwa irin su Illo da Ka'oje da Zagga, ga Lolo da Tsamiya a bakin iyaka. Daga Tsamiya hanya ta miƙe zuwa Segbana da ke lardin Alibori na Jamhuriyar Benin. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa na zaune a yankin, akwai auratayya da cinikayya tsakanin ɓangarorin biyu tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata layi. Naira da sefa duk suna yawo a aljihun mutum ɗaya.

A 'yan shekarun nan, manyan matakan da suka juya rayuwar wannan yanki daga nesa aka yanke su. A 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi. A 2016 aka haramta shigo da shinkafa ta iyakokin tudu. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin tudu. A Disamban 2020 aka buɗe huɗu: Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Kamba, wadda ke maƙwabciyar ƙaramar hukumar Dandi, sai a Afrilun 2022 ta samu shiga. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, lissafin masu tsallakawa da jarkoki ya sauya. Wata biyu bayan haka, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka karɓi mulki a Yamai, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, gadar da ta haɗa Malanville da Gaya ta rufe, masu kayan da ke tasowa daga tashar jiragen ruwan Kwatano suka shiga neman wasu hanyoyi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da fuska biyu: sanarwar da aka karanta a ofis, da abin da ya faru a kasuwa da gona da bakin ruwa. Wakilan kafafen yaɗa labarai galibi a Birnin Kebbi suke zaune, inda ofisoshin suke. Ba abin mamaki ba ne idan labarin Bagudo ya riƙa isowa ga mai karatu a matsayin adadin buhunan da aka kama da ƙimar harajinsu. Kamen labari ne, babu musu. Amma idan shi kaɗai ake buɗe labaran yankin da shi shekara da shekaru, mai karatu a Kano ko Kaduna zai ɗauka cewa babu kowa a iyaka sai ɗan fasa-ƙwauri da mai kama shi.

Neja, Nijar da Kwara

Akwai wani dalili da ya sa Bagudo ta dace da zama allon koyarwa. Yankin na tona asirin duk wanda ya yi tunani da Turanci sannan ya juya zuwa Hausa.

Turanci na amfani da kalma ɗaya ga abubuwa uku da Bahaushe ya bambanta: jihar Neja, Jamhuriyar Nijar, da kogin Kwara. Dukkansu ukun suna kewaye da Bagudo ko kusa da ita. Ƙasar Borgu ta jihar Neja na kudu, Nijar na arewa, kogin na tsakiya. Mai fassara cikin gaggawa da ya ga cewa wasu mahara sun tsallako daga wannan wuri mai suna ɗaya, idan bai tsaya ya tantance ba, zai iya mayar da rikicin cikin gida ya zama na ƙasa da ƙasa a jimla guda.

Haka sunan Benin: akwai Jamhuriya, akwai birnin da ke jihar Edo. Gaya akwai ta Nijar, akwai ta Kano. Bagudo gari ne da ƙaramar hukuma, Bagudu kuwa sunan tsohon gwamnan Kebbi ne, Atiku Bagudu. Harafi ɗaya ya raba su. Take da ya ce Bagudu ya shiga matsala, alhali ambaliya ake nufi a Bagudo, ya riga ya yi ɓarna kafin a gyara.

Bayan sunaye akwai ginin jimla. Mabuɗin Turanci na iya ɗaukar kalmomi talatin da rassa uku a ciki, mai karatu ya bi ba tare da ya ɓace ba. Idan aka kwaso shi yadda yake aka zuba a Hausa, sai ya zama jimla mai "wanda" uku da "inda" biyu, numfashi ya ƙare kafin a kai aya. Hausa na son a faɗi abu ɗaya, a tsaya, a ɗora na biyu.

Kuma harshen ba baƙo ba ne a wannan fage. A 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya da Abubakar Imam a kujerar edita. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957. Sama da shekara 80 ke nan Hausa na da nata salon ba da labari a rubuce. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya gama difloma ko digiri a Arewa ba a taɓa sa shi ya rubuta mabuɗin labari ko ɗaya kai tsaye da harshen da zai yi aiki da shi ba.

Tarkon "an"

Hausa na da wata 'yar kalma mai daɗin amfani da kuma haɗari: "an". An kama, an harbe, an rufe, an ƙone. Tana taƙaita jimla, amma tana ɓoye wanda ya aikata.

A ɗauki jimlar "An kama mutum uku a iyakar Tsamiya." Wa ya kama su? A irin wannan wuri akwai kwastam, akwai jami'an shige da fice, akwai sojoji da 'yan sanda da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, akwai 'yan sa-kai, ga kuma jami'an tsaron Benin a ɗaya ɓangaren. Ga iyalan waɗanda aka kama, amsar ita ce komai, domin ita za ta nuna ko Birnin Kebbi za su nufa ko Kandi, babban birnin Alibori. Ga hukuma kuwa, "an" mafaka ce. Idan wani ya rasa ransa a shingen bincike aka rubuta "an harbe", babu wanda zai amsa tambaya.

Ya kamata ɗalibi ya fita daga aji da doka ɗaya a kansa: ba a fara labari da "an" sai in da gaske ba a san mai aikatawa ba, kuma in haka ne a faɗa a fili cewa ba a tantance ba tukuna.

Kishiyar wannan matsala ita ce saurin laƙaba suna. Tun Nuwamban 2024, bayan harin Mera a ƙaramar hukumar Augie, sunan Lakurawa ya cika kafafen yaɗa labarai. Daga nan ya zama da sauƙi a jingina musu duk wani hari a iyakokin Kebbi tun a jimlar farko, kafin wata majiya ta tabbatar. Haka sanya sunan ƙabila a mabuɗin labarin laifi. A garin da ƙabilu huɗu ko biyar ke cin kasuwa ɗaya, kalma guda a saman labari na iya hana wani kwana a gidansa.

Sai kuma salon da neman dannawa ya haifar: "Da ɗumi-ɗumi", "Yanzu-yanzu", "Tirƙashi". Waɗannan ƙararrawa ce kawai. Idan kowane labari da ɗuminsa yake, ranar da na gaske ya zo babu mai waiwayowa.

Rahoto na musamman ba tatsuniya ba ne

Mabuɗin rahoto na musamman daban yake da na labari. Labari na cewa ga abin da ya faru. Rahoto na musamman na cewa zo ka gani. Yana da damar farawa da mutum ɗaya, ko wuri, ko wani ƙaramin abu da ke ɗauke da babban al'amari: mai canjin kuɗi da naira a hannun dama sefa a hagu, jarka a bayan babur, layin tireloli da direbobinsu ke girki a ƙarƙashin mota.

A nan ɗalibai kan faɗa ramuka biyu. Na farko shi ne buɗewa da yanayi: rana ta take, iska na kaɗawa, tsuntsaye na kuka. Wannan zai dace da kowane gari a duniya, don haka bai ce komai a kan Tsamiya ba. Na biyu ya fi muni, wato ƙirƙiro mutum. Ɗalibin da aka ce ya fara da mutum alhali bai je ko'ina ba, zai haifi "wani dattijo" ya zaunar da shi a gindin bishiya ya sa masa magana a baki. Malamin da ya ba wannan maki saboda daɗin karatu ya koyar da ƙarya.

Gani ya kori ji. Mabuɗin rahoto na musamman daga littafin ɗan jarida yake fitowa: nawa aka sayar da mudu a ranar, awa nawa aka yi a shinge, me mutumin ya faɗa da bakinsa. Sannan kafin sakin layi na huɗu dole a gaya wa mai karatu dalilin da ya sa ake ba shi labarin wannan mutum, da yadda ya haɗu da babban batu. In ba haka ba, mai waya ya riga ya tafi.

Uzurin malamai

Malamai na da hujjojinsu, kuma ba na wasa ba ne. Harshen koyarwa da na jarrabawa Turanci ne. Aji ya cika, malami ɗaya ba zai iya gyara rubutun kowa layi-layi duk mako ba. Babu kuɗin ɗaukar ɗalibai zuwa iyaka, ga matsalar tsaro. Sannan akwai tsoron doka: sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi a kan 'yan jarida. Fara labari da "hukuma ta ce" garkuwa ce ga mai rubutu.

Amma jingina magana ga mai ita ba ya nufin sai sunansa ya zo farko. Hausa ta tanadi "in ji" da "a cewar", waɗanda ke zama daram a ƙarshen jimla. A faɗi abin da ya faru, sannan a ce in ji wane. Garkuwar na nan, labarin kuma ya fito.

Batun Turanci ma ba zaɓi ne tsakanin harsuna biyu ba. Ɗalibi na buƙatar dukkansu. Sai dai a dubi inda guraben aiki suke ga matashin Arewa: Aminiya, Premium Times Hausa, sassan Hausa na BBC da DW da RFI da TRT Afrika, gidajen rediyo irin su Freedom, da ɗimbin shafukan intanet. A 2020 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta raba kwas ɗin aikin jarida zuwa fannoni bakwai domin a samu ƙwarewa. Raba kwas ba zai gyara jimla ba idan atisayen cikin aji bai sauya ba.

Abin da za a iya yi ba tare da kasafi ba

Na farko, al'amari ɗaya, mabuɗi huɗu. A ba ɗalibi bayanai, ya rubuta na labari da na rahoto na musamman, kowanne da Hausa da Turanci, kuma na Hausar ya riga zuwa domin kada ya zama fassara.

Na biyu, a juya takardar sanarwa. A ba ɗalibai sanarwar hukuma ta gaske, a hana su fara labari da sunan wanda ya sa hannu. Su nemo mutumin da matakin zai taɓa, su sa shi a gaba.

Na uku, gwajin baki da na waya. Ɗalibi ya miƙe ya karanta mabuɗinsa da ƙarfi. In numfashinsa ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Sannan ya tura ta wayar abokinsa a ga abin da ya bayyana kafin a danna. Wannan kuma na rage wa malami nauyin gyara, domin ajin ne ke yin alƙalanci.

Na huɗu, taswira. Duk wanda zai rubuta labarin iyaka ya nuna a taswira inda Tsamiya take, inda Kamba take, wace ƙasa ce a tsallaken kowacce.

Na biyar, a yi amfani da 'yan gida. Ba sai an ɗauki mota zuwa Lolo ba. A makarantun Birnin Kebbi da Sakkwato da Zariya da Kano akwai 'ya'yan Bagudo da Dandi da Illela da Jibiya da Maigatari, kuma suna komawa gida hutu. A ba su aikin dawowa da rahoto ɗaya daga kasuwar garinsu, da lambar wanda suka zanta da shi domin malami ya iya tabbatarwa. Sun san harshen, sun san inda ba a zuwa.

Editoci ma na da nasu kason. Ɗalibin da ya zo horon sanin makamar aiki, in aka zaunar da shi wata huɗu yana juya sanarwa daga Turanci zuwa Hausa, abin da zai ɗauka aikin jarida ke nan. A mayar masa da mabuɗinsa sau uku, a gaya masa dalili. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Za a ci gaba da yanke hukunci a kan iyakoki daga Abuja da Kwatano da Yamai, a rufe yau a buɗe gobe. Manomin Illo da direban da ke jira a Tsamiya ba su da kujera a waɗannan tarurruka. Abin da ya rage musu shi ne su ji abin da aka yanke a kan lokaci, da harshen da suke ganewa, kuma sauran 'yan ƙasa su ji abin da matakin ya jawo musu. Duk wannan a layi biyun farko yake tabbata ko ya ɓace, kuma a aji ake fara koyon rubuta su.